Tsohuwar 504 da ciwon wuta mai ɓuya: a riƙa aunawa kafin a ce a sayo

Assalamu alaikum Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, dan Allah a ɗan ba ni fili in tanka wa wani bawan Allah da ya rubuto kwanakin baya yana kukan tsohuwar motarsa Peugeot 504, wai tana cikin tafiya sai ta mutu haka kawai, in ya jawo bakanike ko ya samu ya kai ta gareji sai ta tashi garau kamar ba ita ba, yace an canja masa batir an canja koyil (abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogai) an canja fulogai har kafireto an sauke an wanke amma jiya i yau, har yana cewa shi kam zai kira 'yan gwangwan su ɗauka ya huta. Malam mai mota, kar ka sayar tukuna. Ni ba ɗan rewaya bane, ban kuma yi karatun injiniya ba, amma irin motarka nake hawa, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, kuma irin wannan ciwon ya taɓa kama ta.

Nasan wani zai ce ana fama da tsadar mai da ta abinci wa yake ta tsohuwar mota. To ai dalilin kenan. Wanda ba shi da halin 'yar Kwatano balle sabuwa dal, wannan tsohuwar ita ce rufin asirinsa, da ita yake kai yara makaranta, da ita ake kai mara lafiya asibiti cikin dare, wani kuma a-kori-kura ce da ita yake ɗauko buhunan masara daga ƙauye. Duk naira ɗaya da ya zuba a kan canja kayan da lafiyarsu ƙalau, daga bakin iyalinsa ta fita.

Kuma mu nan Kaduna 504 'yar gida ce. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, amma a nan Kakuri kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, bayan Faransawan sun daina yin ta ma mu nan an ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya san yadda wagon ɗinta ta cika tashar Kawo, Zariya ce Kano ce duk ita ce, manyan ma'aikatan gwamnati ma ita ce motarsu. To ka lissafa, yawancin waɗanda suka rage a hannun mutane yau sun haura shekara talatin wasu arba'in. Injin yana da juriya, a sauke a yi masa ringi a ci gaba da harka. Wayoyin ne ba mai tunawa da su. Sun sha zafin Maris da Afrilu, sun sha ƙurar hunturu, sun sha ruwan Agusta, ɓeraye sun ɗanɗana nasu rabon, sannan ga hannun masu gyara kala-kala, kowa ya zo ya yanka ya ɗaura ya naɗe da salatif ya tafi, wanda ya zo bayansa ya ɗora nasa a kai.

Abin da nake so in faɗa a taƙaice shi ne, matsalar wuta mai zuwa ta tafi ba a gano ta da canje-canjen kaya. Kamar yoyon rufin kwano ce, in rana ta fito ka hau sama ka yi ta dube-dube ba abin da zaka gani, sai ana tsaka da ruwan zaka ga inda yake ɗiga. Motar da ka kai gareji tana aiki lafiya ba abin da zata nuna wa kowa, ko wanene shi. Shi yasa in ɗan rewaya ya buɗe bonet ya ɗan leƙa yace koyil ne, canke kawai ya yi. Kai kuma ka sayo, a ɗaura, mota ta tashi, dama can tana tashi ai, ka biya ka tafi kana murna, kwana biyu ta sake tsayar da kai a tsakiyar titin Ahmadu Bello 'yan Keke suna ta danna maka hon.

Aikin farko naka ne kai mai mota, don kai ne kake ciki lokacin da abin ke faruwa. Yaya take mutuwa? In tana shiƙa tana fizga, ƙarfi yana raguwa a hankali, ka taka totur ta ɗan farfaɗo sannan ta sake sanyi, wannan ya fi kama da mai ne baya isowa, a duba famfon mai da tsatsar tanki da kafireto, a ƙyale wayoyi. In kuwa ɗif take yi lokaci ɗaya kamar an murɗe makulli, to wuta ce. Sannan yaushe take yi? Sai inji ya yi zafi a cikin gosulo, ko da sanyin safiya ma tana yi? A kan gargada ne ko in ka faɗa rami, ko in ka sha kwana, ko in ka kunna fitilun gaba, ko bayan an yi ruwa ko an wanke ta? In ta mutu nan take take tashi ko sai ta huce? Ka ajiye ɗan littafi a mota ka riƙa rubutawa, wallahi wannan rubutun ya fi maka amfani a kan rantsuwar kowa. Mai mutuwa da zafi ta tashi in ta huce, zargi yana kan koyil da kondensa, wani ɗan ƙaramin abu da ke jikin distiributa, wato mai raba wa fulogai wuta. Mai mutuwa a gargada, waya ce ta karye ko wani mahaɗi ya saki. Mai yi bayan ruwa, a buɗe hular distiributa a duba laima da tsagewa.

Ga kuma abu guda da kusan kowa ke mantawa saboda ruɗewa, daidai lokacin da ta mutu kafin ka taɓa makulli, kalli dashbod. In jar fitilar caji da ta man inji sun kama, to galibi wuta tana wucewa ta makulli lafiya, matsalar tana gaba, wajen koyil da distiributa. In kuwa dashbod ɗin ya yi duhu gaba ɗaya ba ko ɗigon haske, to kar wanda ya sake ce maka koyil, matsalar tana baya, ko kan batir ne ya saki ko ya yi farin gari, ko babbar wayar da ke kawo wuta, ko swicin makullin kansa ya cinye daga ciki. Wannan kallon na daƙiƙa biyu ya raba maka motar gida biyu, rabin aikin ya ƙare kyauta. Swicin makulli na tsohuwar mota kuwa yana cinyewa sosai, musamman mu da muke rataya masa tarin makullai, na shago na gida na ofis duk a zobe ɗaya suna lilo suna jan shi ƙasa shekara da shekaru. Gwajinsa ba wuya, mota tana silo ka ɗan girgiza makullin a hankali, in inji ya yi kamar zai ɗauke to ka kama shi.

Bari in faɗi yadda aka gano tawa, don a nan na ga bambancin mai sani da mai canke. Wani dattijo ne aka haɗa ni da shi, gashinsa duk ya yi fari, tun zamanin da 504 ke tashe yake sana'ar. Da naje bai ko buɗe bonet ba, yace zauna Alhaji ba ni labari. Na kwashe duka na faɗa masa, yana ta jefo tambaya, fitilun dashbod fa, rediyo yana ɗaukewa ko baya ɗaukewa, in ta mutu kik yana juyawa da ƙarfinsa ko a sanyaye. Nace fitilu suna kamawa, kik yana juyawa lafiya lau, tashi ne kawai bata yi sai ta ga dama. Sai ya tashi ya ɗauko ɗan ƙaramin ƙwan fitila irin na dashbod da ya liƙa wa doguwar waya biyu, ya ɗaura ɗaya a ƙafar koyil ta ɓangaren da ke tafiya distiributa, ɗayar ya ɗaure a jikin ƙarfen mota, ya zuro ƙwan ta gefen ƙofa ya manna shi kusa da sitiyari. Yace mu tafi inda take maka wannan halin. Muka ɗauki hanya muka bar kwalta muka shiga wani layi mai ramuka ta wajen Rigasa, yana zaune a gefe hannunsa a kan gwiwa baya cewa komai, sai da inji ya yi zafi sosai, muna hawa wani ɗan tudu sai ɗif.

Na kai hannu zan ja abin buɗe bonet ya riƙe ni, yace kar ka taɓa komai, murɗa kik kawai ka kalli ƙwan nan. Na murɗa, inji yana juyawa, ƙwai kuma ya kama tar ya tsaya ko ƙiftawa baya yi. Yace ka gani? In komai lafiya ne wannan ƙwan ƙiftawa zai riƙa yi, don kontak, ɗan swicin da ke cikin distiributa, yana buɗewa yana rufewa, in ya rufe ƙwai ya mutu in ya buɗe ƙwai ya kama. Tunda ya kama ya tsaya, wuta tana shiga koyil tana fitowa ta ɗaya ƙafar, koyil ɗinka bai yanke ba kenan, hanyar da zata bi ta cikin distiributa ta sauka a jikin inji ce ta katse. Da a ce ƙwan ƙin kamawa ya yi sam, sai mu ce ko wuta bata zuwa koyil, ko koyil ya yanke a ciki, ko kondensa ya haɗe, ko wata waya tana taɓa bodi. Sai a lokacin ya fita ya ɓalle hular distiributa ya zare rota, ya sa ɗan yatsa ya nuna mini wata 'yar siririyar waya da ke zuwa kan kontak, a ido ba abin da ya same ta, robarta lafiya ko ƙwarzane babu. Ya kama ta da yatsu biyu ya ja a hankali sai naga tana miƙewa tana ƙara tsawo. Yace waya mai lafiya bata miƙewa Alhaji, jan ƙarfen cikin ya karye roba ce kawai ta riƙe. Ashe farantin da kontak ke zaune a kai yana ɗan motsawa duk lokacin da ka taka totur ko ka saki, ita kuma wayar tana lanƙwasa tana miƙewa tun ran da aka ƙera motar, har ta karye daga ciki, bakin biyu suna taɓa juna yawancin lokaci, in zafi ya sa roba ta yi laushi aka haɗu da gargada sai su rabu. Kuɗin wayar bai kai na litar mai ɗaya ba. Ya canja ta, ya goge bakin kontak, ya saita tazararsa a milimita 0.4 da ɗan ma'aunin ƙarfe, ba da kwalin ashana ba kamar yadda wasu ke yi.

Dalilin da yasa ya hana ni buɗe bonet shi ne babban darasin. Da zarar ka fara taɓe-taɓe kana girgiza wayoyi kana bubbuga kan batir da dutse, abin da ya rabu sai ya koma ya haɗe, mota ta tashi, shaidar ta ɓace, kai kuma sai ka ɗauka abin da ka taɓa na ƙarshe shi ne mai laifin. Haka ake ɗora wa koyil da batir laifin da ba nasu ba.

Ban ce taka ma wannan wayar ce ba fa Malam, kar kaje kace a canja maka ita, in ka yi haka ka koma gidan jiya. Hanyar nake nuna maka. In ka ga dama ka fara ɗaura ƙwan a ɗaya ƙafar koyil, wadda wuta ke shigowa daga makulli, ka yi ta yawonka da shi a manne, ran da ta mutu in ƙwan ya mutu tare da ita to daga makulli zuwa koyil ne, in yana nan a kunne sai ka mayar da shi ɗaya ɓangaren. Haka ake matse ta mataki mataki har ta rasa wajen ɓuya.

Sai maganar at, wato hanyar da wuta ke komawa batir ta jikin ƙarfen mota. A ganina rabin abin da ake kira aljanun mota a nan suke. Mutane suna ta bin wayar da ke kai wuta sun manta dole sai ta dawo. Akwai kaurin waya daga baƙin kan batir zuwa bodi, akwai kuma wadda ta haɗa inji da bodi, shi inji a kan roba yake zaune, in wannan wayar ta yi tsatsa ko ta tsinke wuta sai ta nemi wata hanyar da kanta, har ta bi ta wayar cok ko ta totur, shi yasa wani zai ce maka in ya yi kik wayar cok tana zafi har tana ƙauri. Kaga mota an kunna sigina fitilun baya duka suna ƙiftawa tare, ko an taka birki fitilar dashbod ta kama, ko allurar zafi tana hawa in an kunna fitilun gaba alhali lagireto lafiyarsa ƙalau, kar a wahalar da kai, at ne. Gyaransa ma kwance noti ne a goge da samfefa har ƙarfe ya yi fari a ɗaure tam a shafa ɗan giris saboda damina.

Amma a nan ma akwai inda mita, wato na'urar auna wuta, ke yaudarar yara. Zaka ga yaro ya ɗauko mita ya sa a wajen da take ƙara, ya taɓa nan ya taɓa can tayi ƙiii yace Oga wayar nan lafiya take. Alhali ko silin gashi ɗaya ne ya rage a cikin wayar mita zata yi ƙara, ita bata jan komai, shi kuwa kik yana jan wuta sama da amfiya ɗari, sili ɗaya ina zai kai shi. Gwajin gaskiya sai waya tana ɗauke da kaya. A mayar da mita wajen auna bolt, a sa baki ɗaya a kan dalmar batir ta baƙin kai, ɗayan a jikin inji inda ba fenti, a cire wayar da ke ba koyil wuta don kar ta tashi, wani ya murɗa kik. In mita ta nuna ɗan abu kaɗan kamar 0.2 ba laifi, in ta haura rabin bolt to wuta tana maƙalewa a hanya. Haka za a yi wa ɓangaren jan kai, daga batir zuwa kik. Shi batir kuma mai lafiya da ya kwana a ajiye zai nuna wajen 12.6, in inji yana aiki altaneta yana caji ya kamata a ga tsakanin 13.8 zuwa 14.4. Wanda bai nuna maka waɗannan lambobin ba yace batir ɗinka ya mutu, ka ce masa ya auna kana kallo.

Tunda na ambaci altaneta, dan Allah 'yan uwa a daina wannan ɗabi'ar ta cire kan batir inji yana aiki wai a ga ko yana caji. Wannan gwajin zamanin dainamo ne, abin caji na da kafin zuwan altaneta. A altaneta in ka cire batir wuta tana iya yin tsalle ta ƙona abin da ke daidaita caji a cikinsa, ta haɗa da rediyo, ka zo da ciwo ɗaya ka koma da biyu. Haka ƙyasta waya a jikin bodi a ga ko zata yi tartsatsi, ga ƙwai ga mita me ya kai mutum. Kuma kar a bar makulli a kunne inji baya aiki ana ta hira ana jin rediyo, in aka yi rashin sa'a kontak a rufe yake koyil zai yi ta zafi har ya lalace.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne fis. Fis ya ƙone sai a naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari ko a ɗaura masa waya a ce an gyara. Shi fis ai an sa shi ne ya mutu a madadin motar, in yana yawan ƙonewa wata waya ce ta goge take taɓa ƙarfe, yawanci inda wayoyi ke ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota robar ramin ta cinye, ko a maƙogwaron ƙofa da but inda ake buɗewa ana rufewa. Ka hana fis mutuwa, wayar ce zata yi ja a ƙarƙashin dashbod, ga tsohuwar roba ga ƙura ga fetur a kusa. Duk wanda ya taɓa ganin mota tana ci da wuta a bakin titi mutane suna watsa ƙasa ya san minti nawa abin ke ɗauka. Duk mai tsohuwar mota ya ajiye abin kashe gobara mai aiki, ba wanda ake nuna wa jami'an hanya kawai ba, kuma in za a taɓa wayoyi a fara cire baƙin kan batir, a cire agogo da zobe.

Kayan gyara kuma sai a hankali. Sabo a kwali ba shi ke nuna mai kyau ba, kondensa musamman, akwai na jabu da yawa a kasuwa da zai yi sati ya fara sa mota harbi da fizga in ta yi zafi. In an cire maka tsohon kaya karɓi abinka ka jefa a but, sau da yawa tsohon na asali ya fi sabon lafiya. Koyil ma ba kowanne ke shiga kowace mota ba duk da kamarsu ɗaya, akwai wanda aka yi don motar da ba ta da kontak, in aka ɗaura wa mai kontak zai riƙa zafi yana cinye bakin kontak ɗin, sai a yi ta canjawa ana zagin kontak. In kana zargin koyil da zafi, ran da ta mutu ka jiƙa tsumma ka lulluɓa masa, in ta tashi da wuri fiye da yadda ta saba to zargi ya yi ƙarfi. Wayoyin fulogi kuma da daddare ake duba su, a wuri mai duhu a buɗe bonet inji yana silo, in sun tsufa zaka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle a jikinsu, kallo kawai banda taɓawa.

Wani abin takaici, Peugeot na wancan zamanin lamba suke sawa a bakin wayoyinsu, mai takardar zanen wayoyin yana bin lamba ne kawai ya san wacce ta tafi ina. Yanzu ka leƙa ƙarƙashin dashbod ɗin yawancin motocin nan an guntule bakunan an jona da wayar gida ja da baƙi. Duk mai motar da nata lambobin ke nan, ya tsaya a kai lokacin gyara kar a yanke.

To amma Malam Edita in za a faɗi gaskiya ba 'yan rewaya kaɗai ke da laifi ba, har da mu masu motocin. Ba ma biyan kuɗin bincike. Mutum ya ɓata rabin yini yana bin waya ɗaya bayan ɗaya ya gano ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai mai mota yace au dama wannan ne kawai, ya miƙa masa kuɗin shan ruwa. Wanda kuwa ya kalla yace a sayo altaneta, a take za a ƙirgo dubbai a ba shi har da godiya. To wa zai zauna yana bincike? Mu muka koya musu cewa canjin kaya ne ke kawo kuɗi. Dattijon nan da na ba shi abin da naga ya dace sai da ya sake kallona, yace rabon da wani ya biya shi ladan ganowa har ya manta.

Kuma irinsu ƙarewa suke yi. Yaran yanzu masu ƙoƙari ne ba laifi, amma kwamfuta suka tashi da ita, a soka a jikin mota ta faɗi inda ke ciwo. Wannan sokat ɗin sai a 1996 aka wajabta shi a motocin Amurka, 504 da Beetle da tsofaffin Mercedes ba su san da shi ba, sai yaro ya tsaya yana kallon mota ba inda zai soka na'urarsa. Alhali ko a sabuwar motar ma kwamfutar cewa kawai zata yi wuta bata isa wuri kaza ba, ba zata nuna maka wace waya ce ta karye a cikin roba ba, nan ma sai an dawo ga ƙwai da mita da haƙuri. Ga Kaduna Polytechnic a garin nan, ga hedikwatar hukumar ilimin fasaha ta NBTE ita ma a nan Kaduna take, ga kasuwar Panteka cike da yara masu basira, ga ƙungiyar kanikawa ta NATA. Me zai hana a nemo waɗannan dattawan tun suna da sauran ƙarfi a riƙa haɗa su da masu koyo ko da ranar Asabar ce, a biya su, su nuna yadda ake karanta zanen wayoyi da yadda ake auna waya tana ɗauke da kaya? Ba wani kayan aiki mai tsada ake buƙata ba, tsohuwar mota ɗaya da mita da ƙwan fitila sun isa aji guda.

Ku ma a naku ɓangaren ina roƙon ku buɗe ɗan shafi ko rabi ne na gyaran mota da Hausa, ko sau ɗaya a wata, masu karatu su aiko da matsala a kai wa masu sana'ar su amsa, a riƙa sa hoton abin da ake magana a kai don wanda bai san kondensa ba ya gan shi da idonsa. Yawancin littattafan gyaran nan da Turanci ko Faransanci suke, masu riƙe da sifana kuma da Hausa suke aiki.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara basira, a gaida ma'aikata.

Naka mai karatu a kullum,
daga Tudun Wada, Kaduna.